Ƙyalle Ɗari da Sha Bakwai

Shekara talatin ina duba ƙafafun jirgi a tashar Gaundare,
in ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, in saurari amsarsa.
Ran da suka miƙo takardar hutu,
hannuna bai iya karatu ba.
Ya ci gaba da tashi da asuba
yana lalube, yana neman abin taɓawa.

Buba tela na bakin ƙaramar kasuwa
shi ya ba ni buhun farko, yana dariya:
"Baba, shara kake kwashe mini, ko ni zan biya ka?"
Na juye a tabarma.
Guntun shadda, atamfa mai kaza da 'ya'yanta,
leshin bikin wata da ban san ta ba,
kaki, boyel, da wani ja mai faɗa kamar barkono.

Kwalin sukari na yanka, shi ne ma'aunina.
Almakashin Hurera na ara, har yau yana wurina.
Zare ya ƙi ramin allura, na lasa, na murza, ya ƙi,
jikana Saliyu ya zura shi sau ɗaya
ya karɓi dala biyar, wai ladan ido.

Ba na sauri. Jirgi ke da lokaci, ni na sauka.
Bayan la'asar, ruwa na dukan kwanon rufi,
in haɗa shuɗi da ruwan goro, in farke, in sake,
don akwai launin da ba ya zama kusa da wani,
kamar fasinja biyu da aka sayar wa kujera ɗaya.

A majalisa Garba direba ya ce aikin mata ne.
Na ce, hular da ke kanka, wace mata ta ɗinka?
Ya taɓa ta, ya dubi titi,
ya ce a ƙaro masa shayi.

A tsakiya na sa aljihun rigar aikina
da tabon baƙin man da sabulu ya gaji da shi.
Gefensa rigar makarantar Jummala,
wadda ke Duwala yanzu, sai ran Lahadi muke jin muryarta.
Sai wani kore mai ɗigon fari
da iska ta yar a bayan randa.
Na ɗauka tsumma ne.

Ashe ba tsumma ba ne.
Hurera ta tsaya a kaina, ludayi a hannu:
"Kallabina! Wata biyu ina zargin akuyar maƙwabta!"
Kwana uku ina laluben nama a miya, ban gamu da shi ba.
Na huɗu ta zauna, ta ja gefen aikin kan cinyarta,
ta ce ɗinkina sawun kaza ne a taɓo,
ta karɓi allurar
ta nuna mini inda ake ɓoye ƙulli.

Audugar ciki ƙanena ya aiko daga Garwa
a saman mota, maƙwabciyar kwandon banda.
Kwana biyu muka shanya ta.
Har yanzu in ka nutsa hanci sosai
Binuwai na nan a ciki.

Ƙyalle ɗari da sha bakwai.
Kusurwa guda ta karkace, na bar ta,
ni ma kafaɗata ta dama haka take.
Wata baƙuwa ta gan shi a igiya, ta taya dubu ashirin.
Na ce mata ai kallabin ba nawa ba ne,
ta je ta tambayi mai shi.

Daren jiya sanyin Agusta ya sauko daga dutse.
Muka shimfiɗa shi karon farko.
Kafin tsakar dare Hurera ta naɗe shi duka,
ta bar mini kusurwar nan karkatacciya.
Na kwanta, ƙafa a waje,
ina jin jirgin kaya yana kuka a nesa,
akwai ƙafa ɗaya a tarago na baya da sautinta bai yi mini ba.
Wani ne zai duba.
Ni gobe zan koma wurin Buba,
ya ce ya tara mini rawaya.